Gwaggo Safara'u, Mai Labulen Ƙofar Durɓi

Kafin masu koko su tashi, Gwaggo Safara'u ta gama zaga shagunan telolin Ƙofar Durɓi da buhunta, tana tsintar ƙyallayen da suka zubar. Ta wanke, ta shanya, ta hau tsohon keken ɗinkinta mai ƙara kamar injin markaɗe. A nan labulen rabin unguwarmu ya fito: ƙyalle a gaba, zanen gado na gwanjo a baya don ya yi kauri. Wanda labulen kanti ya fi ƙarfinsa, wurinta yake zuwa. Sai dai ba ta ɗinka wa ɗakin da ba ta shiga ba. Ka kawo mata awo, ta ce, "Ɗakin zan rufa wa asiri ko takardarka?"

Bana ido ya ce ya gaji, zare ya daina shiga allura, ta rufe keken. Abin ya taɓa ni, shi ya sa na roƙi Sadiyya maƙwabciyarmu ta bar ni in faɗi abin da Gwaggo ba za ta taɓa faɗa ba.

Haihuwar Sadiyya ta zo da gardama, sai da aka yi mata aiki. Mijinta Almu ya sayar da gado da kwaba ya biya kuɗin fitar da ita daga asibiti. Ga suna ya matso, dangin miji za su cika ɗakin, kuma kowa ya san mata ba jariri kaɗai suke zuwa gani ba. Gwaggo ta shiga barka ta tarar da katifa a ƙasa, mai jego na kuka.

"Gwaggo, mi zan ce masu?"

"Ba ki cewa komi, ɗiyata. Ki ji da jinjirinki."

Ana gobe suna ta dawo da labule mai faɗi. Ta sa Almu ya buga ƙusa, ta ja waya daga bango zuwa bango, ta raba ɗakin biyu. Duk wanda ya shigo zai ɗauka gado da kaya na ciki.

Amma ta san halin mutanenta. Ranar suna ta dasa kujerarta a tsakiyar labulen, ta jingina. Suwaiba, yayar Almu, mai ido kamar na kwastan, ta miƙa hannu za ta ɗaga gefe, wai mayafi za ta aje kan gado.

"Kawo in riƙe maki," in ji Gwaggo. "Ƙafata ke ciwo, ba ni iya tashi."

Wa zai ta da tsohuwa? Haka ta wuni. Ko salla a wurin ta yi, da alwalar da ta riƙe tun safe, ruwa ma ta ƙi sha. Aka watse ana yaba ɗaki.

Ke ce, Gwaggo, mai rufa asirin da ba naki ba. Sadiyya ta ce sai da ta yi arba'in ta je gaishe ki, ta ga tabarma rataye a ƙofarki maimakon labule, sannan ta gane inda rabin labulen nan ya fito.

Mun gode, Allah Ya rufa maki asiri duniya da lahira, Ya ƙara wa idon nan haske. Mu kuma da ido ya rage wa, in mun shiga ɗakin maƙwabci muka ga abin da babu, mu yi irin na Gwaggo: mu nemo abin rufewa, mu kama bakinmu.