Jaye Mai Ɗaga Wanda Ya Kayar

Tun da hoton nan ya iso ban ƙara cin kasuwar Gidan Rumji cikin kwanciyar hankali ba. In na tsaya sayen kanwa a tare ni, in na je wajen masu dusa a tare ni, kowa tambayarsa ɗaya: Dikko, wai da gaske ƙanenka Jaye balo yake bugawa a Amirka? Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ari biro zan faɗa gaba ɗaya. E, yana Amirka. Amma ba ya buga balo. Shekara biyar ke nan yana can, ƙafarsa ba ta taɓa balon ba ko sau ɗaya. Aikinsa shi ne ya kayar da wanda ke riƙe da shi. A kan wannan ake ba shi abinci da ɗaki, har ana tafa mishi.

Mu Fulanin gefen Sae Sabuwa ne. Kafin farin saba'in da uku Baffanmu yana da shanu arba'in da ƴan kai. Lokacin ina da shekara sha shida, na gama lakol, wato makarantar boko, da ƙyar bayan na zauna ajin ƙarshe sau biyu, Jaye kuma yana da sha biyu. Wanda bai ga shekarar nan ba, bari in gaya mishi yadda saniya ke mutuwa. Kwanciya take yi, gari ya waye ta kasa tashi. In ta wuni a ƙasa ƙafafunta su sage, shi ke nan sai wuƙa. Don haka aikin farko na kowane makiyayi da safe shi ne ɗaga shanu. Mutum ɗaya ya riƙe ƙaho, ɗaya ya kama gindin wutsiya ya ɗaga, saboda saniya da baya take fara tashi. Nauyin duk yana wajen wutsiya. Ni ne babba, ni na raba aikin, sai na ɗauki ƙaho.

Shanu suka yi ta ƙarewa har saura ɗaya, Wule, ja mai farin goshi. Wata huɗu cur Jaye yana ɗaga ta kowace safiya kafin ya tafi lakol. Yaran gari duk sun rame, shi kuwa kafaɗu yake yi, alhali ba abin da ke cikinsa sai jar dawar taimako. Wule ta ga damina. Amma abin ya bar wa yaron nan hali: ba ya iya ganin abu kwance ya wuce. Ya taɓa ɗaga jaki yana tsakar birgima. Ya taɓa samun Kawu Hambali, ƙanen Innarmu, yana barcin rana a gindin gawo, ya kama shi ta mazagin wando ya miƙar da shi tsaye. Kawu ya yi sati bai shigo gidanmu ba.

Da ruwa ya sauka Baffa ya zaunar da mu. Ya ce nonon Wule ba zai riƙe maza biyu ba, kuma ba gonar da za a raba. Ni in zauna da saniyar. Jaye ya bi lakol duk inda ta kai shi, ya ci abinci a can, kar ya dawo, don ba abin da zai tarar. Bai faɗa da faɗa ba. Amma daga ranar mu duka mun san in aka kori Jaye daga wani wuri, babu wuri na biyu.

Ya samu kolej a Gidan Rumji. Ba zan ɓoye ba, a wajen karatu kansa bai fi nawa da yawa ba. Abin da ya riƙe shi Mushe Iro ne, malamin wasanni (Mushe muke ce wa malaman lakol, daga Faransanci), wanda ya kalli kafaɗun nan ya sa shi tsaron baya a ƙungiyar balo. Duk ƙarshen shekara in malamai suka zauna kan waɗanda za a sallama, Mushe Iro ya tashi ya ce a bar mishi wannan. Kuma da gaske ba a wuce Jaye. Mai gudu da balo in ya zo kansa sai ka ga kamar ya ci karo da turmi.

Matsalar tana bayan faɗuwar. Da zarar mutum ya kai ƙasa, Jaye ya manta da balo, ya duƙa ɗaga shi. Balo kuwa ba ya jiran kowa. Akwai ranar da suka kara da ƴan Gazawa, ina bakin fili. Mai ci musu wani siririn yaro ne, Chindo. Sau uku Jaye yana kayar da shi, sau uku yana ɗaga shi. A na ukun ma har yana kaɗe mishi ƙasa a riga, Chindo ya ce na gode, ya zame ta ƙarƙashin hammatarsa, ya tarar da balo yana nan yana jira, ya zura. Da wannan ɗaya aka ci su.

Mushe Iro ya rantse ya gama tsaya mishi. Washegari na kai ƙwaryar nono gidansa na yi ta ba da haƙuri da guntun Faransancina, har ya ce in koma Hausa don Allah, ya haƙura. Na ja Jaye bayan aji na tambaye shi ko so yake ya dawo mu raba wutsiyar Wule biyu.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Hamma, ba ni ke yi ba. Hannun ne ke zuwa da kansa."

Haka aka yi ta lallaɓawa har shekararsa ta ƙarshe. A shekarar aka kawo wani Ba'amirke koyar da Ingilishi. Da damina ya zo, ranar da ya sauka ya nemi a ba shi hauya, sai mutanen gari suka sa mishi Nomau. Malam Nomau ya kalli wasa ɗaya ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce wa Mushe Iro yaron nan ba shi da laifi, balon ne ba nasa ba. Wai a ƙasarsu akwai wani balo da in ka kayar da mutum ake busa usur kowa ya tsaya, sai ka ɗaga shi, ka kaɗe shi, in ka ga dama ka tambaye shi mutanen gida. Ya ce akwai manyan makarantu da ke ɗaukar irin Jaye su ba shi karatu da abinci don ya yi musu wannan aikin. Ya yi ta rubuce-rubuce wata da watanni har takarda ta zo.

Da aka kawo maganar gida Baffa tambaya ɗaya ya yi: ƙasar nan ita ce inda jar dawa ta fito? Aka ce ita ce. Ya ce to akwai hatsi, ya tafi. Inna kuwa ta ce in irin dawar nan suke ci kullum, Allah ya ba shi haƙuri.

Abin da na sani na wasan, daga kaset ɗin da yake aiko muna ne. Balon ba zagaye yake ba, ya yi kama da duma mai tsini biyu, kuma a hannu ake ɗaukarsa. Kowa yana sa kwano a kai, a cusa mishi abu a kafaɗu kamar jakin da aka ɗaura wa akumari. Sai a yi layi biyu, a duƙa ana kallon juna kamar raguna za su yi karo. Layi ɗaya na son wucewa da balo, ɗayan na hanawa. Jaye yana cikin masu hanawa. Shekara guda ya yi yana koyon Ingilishi da inda ake tsayawa, sannan ya yi wa makarantar wasa shekara huɗu. A shekara ta uku ya kayar da mai jefa balo sau goma sha ɗaya, wai wannan abin a faɗa ne. Kuma duk wanda ya kayar sai ya ɗaga shi. Ɗalibai suka so abin, in ya duƙa sai filin ya ɗauki ihu. Har karatu ya yi, wai na kiwon dabbobi. Mutumin da ya bar saniya ɗaya a gida.

Bara fari ya dawo, kun dai gani da idonku. Zuriyar Wule ta kai tara, muka wayi gari saura biyu, ƴarta da jikarta. Wule kanta tsufa ya riga ya ɗauke ta. Matata Suwaiba ta riƙe ƙaho, ni na koma wutsiya. A lokacin na san abin da na yi wa yaron nan shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Kwana shida na yi bayana ya ƙi. Da na ga ba ni da ƙarfin Jaye sai na daina jira su faɗi. Da la'asar in na ga ƙafafu sun fara rawa, in zura buhu ƙarƙashin ciki, in ɗaure bakinsa biyu a reshen gawo, saniya ta kwana a tallafe. Da haka biyun suka kai.

Bana, farkon damina, wata babbar ƙungiya ta kira Jaye gwaji, irin waɗanda wasan ne sana'arsu. Mutum kusan ɗari aka tara, rabi za a riƙe, sauran kowa ya kama gabansa. Karatu ya ƙare, takardar zamansa ta kusa ƙarewa. In ba a riƙe shi ba sai jirgi. Mu kuwa a nan gero bai ko fid da kai ba, sau ɗaya ake ɗora tukunya.

Sai ga saƙo ta hannun Mushe Iro, wai in je gidan waya ranar kasuwa, Jaye zai kira. Ban taɓa riƙe kan waya ba sai ranar. Bayan gaisuwa ya gaya mini abin da ya faru. A wasan gwaji ya kayar da mutum, balo ya suɓuce daga hannun mutumin ya gangaro gefen ƙafarsa. In balo ya suɓuce ba a busa usur, na wanda ya riga ɗauka ne. Jaye bai gani ba, yana can yana ɗaga mutum, abokan hamayya suka kwashe abinsu. Mai horar da su ya kira shi gaban kowa ya ce ba jinya ya ɗauko shi ba. In ya ƙara miƙa wa wani hannu, ya haɗa kayansa. Saura wasa ɗaya a yanke.

Na ce ashe har Amirka Chindo ya bi ka.

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Hamma, na gwada. Na ɗaure hannun a zuciyata, ya kwance. In na dawo akwai wurin da zan zauna?"

Na tuna tukunyarmu, na tuna shanu biyu a rataye a gawo. Na ce mishi babu. Mai gidan waya ya fara nuna mini agogo. Sai buhun nan ya faɗo mini a rai.

Na ce, "Jaye, tun da hannun ba zai haƙura ba sai ya ɗaga, to ka fara da ɗagawar. Kar ka jira ya faɗi. Ka tare shi yana tsaye, ka kama shi inda kake kama Wule, ka ɗaga shi sama, ka ajiye. Ka riga ka biya hannun haƙƙinsa, sai ka buɗe ido ka nemi balo."

Ya ce mutum ai ba shi da wutsiya. Na ce ya nemi inda ya kamata ta fito. Nan waya ta yanke.

Sati biyar ba labari. Baffa ba ya tambaya, sai dai duk motar da ta tsaya a bakin hanya ya miƙe ya duba wa zai sauko. Mun fara cin sabon gero Mushe Iro ya zo har ruga a kan babur, da ambulan a aljihu. Kaset ne da hoto da aka yanko daga jarida. A hoton ga Jaye da kwanonsa a kai, lamba casa'in da huɗu a ƙirji, ya rungumo wani ƙato ta ƙugu ya ɗaga shi, ƙafafun mutumin suna lilo a sama, balo kuma ya fita daga hannunsa yana iska. A kaset ɗin ya ce a wasan ƙarshen sau huɗu ya yi haka. Mai horarwar ya tambaye shi wa ya koya mishi, ya ce wansa ne da wata tsohuwa Wule. An riƙe shi. Yanzu duk Lahadi yana cikin sha ɗayan da ake fara fitarwa.

Na yi ta zagaya garken shanu biyu da hoton a hannu har Suwaiba ta ce in zauna kar maƙwabta su ce wani abu ya same ni. Inna ta duba ta ce ya yi ƙiba, ashe dawar ta karɓe shi. Mushe Iro yana ta gaya wa mutane shi ya fara gano yaron, ya manta da ƙwaryar nonon. Baffa ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya in ya ajiye mutumin wa ke ɗaga shi. Na mayar da kaset baya na sa mishi wurin da Jaye ya ce har yanzu yakan saci kallo ta gefen kwano, ba ya komawa layi sai ya ga mutumin ya tashi da ƙafarsa.

Baffa ya gyaɗa kai ya mayar mini da hoton. Shi da ya ce kar ya dawo, yanzu kullum sai ya tambaye ni yaushe ake ba su hutu. Jaye ya ce bayan sanyi zai zo ya yi wata guda. Kawu Hambali ya roƙe ni in gaya mishi ranar tun da wuri, don ya mayar da barcin ranarsa cikin ɗaki.