Rabon Yaya da Tela Ya Sace

Tela mutum ne mai hannu. Idan ya ɗora wuyan riga sai ka rantse daga kanti ta fito. Cutarsa ɗaya ce, wansa. Tun suna yara, in Yaya ya yi tuntuɓe a kan kuɗi yake faɗawa, shi kuwa Tela ko ruwa ya ɗebo sai tulun ya fashe a bakin ƙofa. Da suka girma Yaya ya buɗe shagon kayan gini, Tela ya ƙare a ɗan ɗaki da keken ɗinki ɗaya, yana gaishe da Yaya da fara'a, hassada na cin sa.

Da idon Yaya ya fara rauni, sai ya riƙa kawo wayarsa a karanta masa saƙo. Wata rana Tela ya ci karo da wani: wai wata gidauniya ta zaɓi Yaya za ta ba shi jari mai tsoka, kuɗin rajista kawai zai tura.

Tela ya ji kamar an watsa masa barkono. Mai shi ake ƙara wa?

"Me suka ce, ƙanena?"

"Talla ce, Yaya. Maganin basir."

Ya tura wa kansa saƙon, ya goge na Yaya. Ya rubuta musu cewa ai kuskure aka yi, shi ne mai buƙata. Mutanen kirki, ba su yi musu ba. Bayan rajista aka ce haraji, bayan haraji aka ce kuɗin lauya. Ya sayar da dutsen guga, ya sayar da keken ɗinkin, yana ta hango ranar da Yaya zai zo neman rance. Daga nan lambar ta daina shiga.

Yaya ya same shi zaune a ɗakin, sai shatin ƙafafun keke a ƙasa da guntayen zare. Tela ya ce 'yan damfara ne, bai ƙara komai ba.

Yaya ya dafa kafaɗarsa, idonsa ya kawo ruwa.

"Sannu, ƙanena. Ni kam Allah ya rufa mini asiri, irin waɗannan saƙonnin ba sa zuwa mini ko kaɗan."

Tela ya dubi shatin keken a ƙasa. Baƙin cikin keken ma bai kai wannan ba. Ashe har asarar Yaya shi ya ɗaukar masa, kuma ba shi da bakin faɗa.