Bulo Biyu a Ƙarƙashin Kwamfuta

Ina duƙe gaban kwamfuta a shagona na buga takardu a Ikara, sai na ji an zungure ni da sanda a kafaɗa.

Baffana ne, ya zo cin kasuwa daga Dandamisa. Na yunƙura zan durƙusa in gaishe shi, bayana ya riƙe. Wata biyu ke nan ina fama, ko ruku'u da ƙyar nake yi.

Ya ce, "Kai, me ya faɗa cikin akwatin nan da kake leƙe haka?"

Na ce, "Aiki ne, Baffa. Teburin ne gajere."

Ya yi dariya har da tafa hannu. "Tun ina saurayi ban taɓa karɓar fartanya ba sai masassaƙi ya gwada ƙotar da hannuna. Kai kuma ka sayi tebur, sannan ka lanƙwasa kanka daidai da shi?"

Da kansa ya ɗauko bulo biyu a ƙofar shago, ya sa na ɗora allon kwamfutar a kai har ya zo saitin idona. Ya naɗe dardumata ya cusa mini a bayan kujera.

"Kuma manomi in ya kai ƙarshen kunya miƙewa yake yi. Kai ma kowace takarda ka gama, tashi ka miƙe."

Masu kawo aiki suna ta yi wa bulona dariya. Ni dai Juma'ar nan na yi ruku'u ban cije leɓe ba.

Mutumin da bai taɓa danna kwamfuta ba shi ya koya mini zama a gabanta. Ku fa, yaya naku bayan?