Littafin da Yaya Ta Ƙarasa

Turaren wuta da tsohuwar takarda, in sun daɗe a akwati ɗaya, wani ƙamshi suke yi na daban. Shi ya bugi hancina makon jiya, da mahaifiyata ta aiki babbar 'yata ta ɗauko mata zanen fita unguwa daga ƙasan akwatinta na ƙarfe. Yarinyar ta dawo da zanen a hannu ɗaya, a ɗayan kuma wani littafi mai koren bango, gefunansa duk sun lanƙwashe. Ina ganinsa na gane shi. Rabona da shi tun ina ƙaramar lakwal, wato makarantar firamare, kuma har yau ban san ƙarshensa ba.

Kafin ka gane dalili, mai karatu, sai ka san ni 'yar fari ce. A gidanmu na Birni, nan Damagaram, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta ma yarda a gan ta tana kallonsa. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin Kaka, mahaifiyar babanmu. Ita kuwa wadda ta haife ni, Yaya nake ce mata, don haka na ji ƙanwarta tana kiranta. In tana son aikena sai ta fuskanci bango ta ce wani ya miƙo mata ludayi, alhali ni kaɗai ce a tsakar gidan. Ƙannena kuwa ta goya su, ta yi musu kirari, ta kira sunayensu har maƙwabta su ji. Ban taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba, sai da littattafai suka shigo gidan.

Kawu ne ya kawo su, ƙanen Yaya, direba a wani biro, wato ofis. Wasu Nasara da suka tashi komawa ƙasarsu ne suka bar masa kwali guda na littattafan 'ya'yansu, duka da Faransanci. Kaka ta sa aka dire kwalin a gabanta, ta dinga ɗaukar su ɗai-ɗai da yatsu biyu tana shinshinawa. Da ta ga hoton alade sanye da wando ta yi salati ta wurgar. Da ta ga kare kwance a gadon yaro ta ce mutanen nan ba za su taɓa yin tsarki ba. Abin da ya tsira daga hannunta shi ya zama nawa.

Ni ma ɗin ban yarda da su ba, gaskiya. Akwai na wasu yara da ke yini suna tonon dukiya a bakin teku, na ajiye shi a rabi, don na kasa gane wa ke ɗebo wa gidansu ruwa. Mu da muke kai bokiti layin famfo tun kafin a tafi lakwal, a ce yaro ba shi da aiki sai yawo? Akwai na wani yaro mai mayar wa ubansa magana, na yi ta tsallake shafuka ina neman wurin da za a zane shi, da ban samu ba na rufe. Na 'yan mata da samari kuwa, leƙawa kawai nake yi in ga inda aka riƙe hannu, in yi sauri in tura ƙarƙashin tabarma. Amma abu ɗaya na lura da shi a dukansu, shi ya hana ni sakat. Uwa a cikin littattafan nan kullum tana rungumar 'yarta, tana kiran sunanta, tana sumbatar goshinta. Duk matar da ba ta yin haka, in ka bi labarin, ba ita ta haifi yarinyar ba.

Sai na zo kan mai koren bangon nan. Labarin wata yarinya ne mai jar lema, tana zaune da wata doguwar mata kusa da tashar jirgin ƙasa. Matar tana ba ta abinci, tana ɗinke mata riga, amma ba ta zama kusa da ita, ba ta yi mata dariya. A tsakiyar littafin wata tsohuwa ta tare yarinyar a hanya ta ce ta je ta tambaya wa ya kawo ta garin. Nan na tsaya. Na sa tsinken tsintsiya a wurin na rufe. Tsoro nake ji in juya shafin in tarar da labarina.

Daga ranar na zama 'yar leƙen asiri a gidanmu. Yaya tana daka, ni ina auna kunnenta da nawa. Tana da wushirya, ƙannena biyu suna da ita, ni babu. Na gwada ƙafata a sawunta a jiƙaƙƙiyar ƙasa bayan ruwan sama, ban gane komai ba. Ƙarshe na yi ta maza na tambayi Kaka.

"Kaka, wai ni daga ina aka samo ni?"

Ko kallona ba ta yi ba, tana ta ɓarar gyaɗa. "A bayan dutsen can na tsinto ki, ke da wata 'yar akuya. Akuyar ta fi ki amfani."

Matan gida suka kwashe da dariya. Haka kowace kaka take tsokanar jikarta, na sani, amma a kunnena ranar shaida ce. Na ƙudurta a raina, damina na wucewa zan roƙi Kawu ya ɗauke ni a motarsa mu je neman uwata ta gaskiya.

Zazzaɓin damina ya riga ni. Ya kwantar da ni a ranar da Kaka ta tafi Mirriya gaisuwar mutuwa, dole aka shimfiɗa mini tabarma a ɗakin Yaya. Da azahar gidan ya yi tsit, an kora yara waje, ba ka jin komai sai ɗigar indararo. Na ji shigowarta, na runtse ido kamar mai barci, don in kama ta tana yin abin da zai tabbatar mini da zargina.

Ta saki labule. Ta daɗe tana tsaye tana sauraren tsakar gida. Sannan ta zauna, ta ɗaga ƙafafuna ta ɗora a cinyarta, ta shiga shafa su da jiƙaƙƙen tsumma, yatsa bayan yatsa. Hannunta yana da kaushi, yana warin daddawa da hayaƙi. Ban taɓa sanin ɗuminsa ba sai ranar.

Can ta zaro littafin daga ƙarƙashin matashina. Yaya ba ta yi boko ba, hotuna take bi, tana lasar yatsa tana juyawa. Na ji ta wuce tsinken tsintsiyata, ta shiga inda ban taɓa zuwa ba, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Ga ta nan ta yi fushi ta ɗau lemarta. Ga uwar tana leƙenta ta taga, ba ta son a gani." Ta sake juyawa. "Wayyo, 'yar fari ce, shi ya sa. Ashe Nasara ma suna da kunya."

Hawaye suka gangaro mini har cikin kunne, ban motsa ba. Ita ma ta ga hawayen, na tabbata, don ta sa bakin zanenta ta share. Muna nan a haka har aka ji sallamar Kaka a zaure. Wuf ta ture ƙafafuna ta miƙe, ta ɗaga labule.

"A zo a ɗauke yarinyar nan, ta cika mini ɗaki."

Da na warke na nemi littafin na rasa. Na zargi ƙannena, na zargi Kaka, har akuyar gidan na zarga. Maganar motar Kawu kuwa ban sake tunawa da ita ba.

Yanzu zamani ya juya. Ni ina kiran sunan 'yata ta fari a gaban kowa, ina rungumar ta a ƙofar lakwal, Yaya tana kau da kai tana cewa mun zubar da kunya. Yarinyar tana karatu a wayarta, ta fara wannan ta watsar ta kama wancan, ba na yi mata faɗa, na san inda ta gado. Da ta ga na ƙura wa koren bangon ido, ta ce in ina so ta karanta mini ƙarshen, ai 'yan shafuka ne. Na ce a'a. Har gobe ban yarda da marubucin nan ba, ina zargin zai ce matar ba uwarta ba ce, ni kuwa an riga an ƙarasa mini labarin.

Na juya ga Yaya, ta tsufa, tana ɗaura zanenta. Na ce, "Yaya, ashe ke kika ɓoye shi duk shekarun nan?"

Ta fuskanci bango, yadda ta saba.

"Na wata yarinya ne da ta taɓa kwana a ɗakina. A mayar mini da shi inda yake."