Ranar da Yaya ya kwance ƙafafun motarsa

Mota ɗaya ce a garinmu, can cikin karkarar Yekuwa, kuma ta yayana ce. Ita ke kai buhunan wake kasuwa, ita ke kai marar lafiya Magarya. Tun rani ƙafafunta na gaba suke gurnani, birki kuma sai ya taka ya sake takawa. Makaniki ya ce rulma ce ta cinye, wato zoben ƙarfen nan da taya ke juyawa a kansa.

A daminar nan ɗiyarsa ta fari ta dawo gida goyon ciki. Ɗiyar fari kuwa, a wajenmu, uba ba ya kiran sunanta, balle ya san watan cikinta. Uwarta ma kawar da kai take yi. Ni goggonta, ni nake ganin yadda ƙafafunta suka kumbura.

Da na gan shi yana tura duwatsu ƙarƙashin mota, na je na tsuguna.

"Yaya, ka bar gyaran nan tukuna. Yarinyar nan watanta ya kama."

Wallahi ko kallona bai yi ba. Ya miƙe ya kaɗe rigarsa, ya ce, "Ke, ba ki da ta-ido? Wa ya tambaye ki?"

Shi da makaniki suka cire tayoyin gaba, suka fitar da rulma da takalman birki. Irin wannan kaya ba a sayensu da baki, sai an je da tsohon an gwada. Yaya ya ƙulle su a tsumma, ya hau babur ɗin kabu-kabu zuwa Magarya, ya bar mota a kan duwatsu kamar saniyar da aka karya wa ƙafafun gaba.

Da hantsi naƙuda ta tashi. Kafin azahar jini ya ɓalle, ungozoma ta ce wannan ya fi ƙarfinta. Kaico! Ga mota a ƙofar gida, ga mai a cikinta, ba ƙafa. Muka shimfiɗa katifa a amalanken shanu, na ɗora kanta a cinyata, muka nufi asibitin Magarya. Rairayi ya jiƙe, shanun suna tafiya kamar ba sa so. Tun tana matse mini hannu har ta daina.

A hanya muka haɗu da shi yana dawowa, sababbin kaya a kwali. Ya sauka, ya ga zanen da na rufa mata har fuska. Ranar na fara jin sunanta a bakinsa, da ƙarfi, a gaban mutane. Ban ji tausayinsa ba a lokacin, haushinsa nake ji, kuma har yau bai gama fita daga raina ba.

Bayan sadakar bakwai ya ɗaura ƙafafun. Motar ta daina gurnani, birki yana kamawa taku ɗaya. Yanzu duk matar da ya gani da tsohon ciki a garin, tsayar da mijinta yake yi a bainar jama'a, ya tambaye shi watanta nawa. Mutane suna cewa ba shi da kunya.