Ranar Da Taubashina Ya Sa Wa Akwatunana Zarto

Shekarun baya, lokacin ina da ɗan shagon gyaran rediyo da amfilifaya a hanyar Rikoto, wata cuta ta kama ni wadda babu maganinta a kemis: son bes. Wato sautin nan na ƙasa-ƙasa da ƙirji ke riga kunne ji. Duk bikin da na je a Zuru da takaici nake dawowa. Masu kayan sauti za su jibge akwatuna kamar buhunan dawa, amma abin da ke fitowa sai ka ce ana dukan garwa.

A waya na ci karo da wani irin akwati da ake ce wa mai ƙaho. Lasifikarsa a ɓoye take can ciki. Sautin ba ya fitowa kai tsaye, sai ya bi wata hanya da aka naɗe da katako, ta fara a matse, tana buɗewa a hankali har ta ƙare a wani ƙaton baki. Kamar dai a lanƙwasa kakaki a cusa shi cikin akwati. Tsawon hanyar nan da faɗin bakin su ne ran abin gaba ɗaya.

Ni da abokina kafinta muka duƙufa gina guda biyu. Rani guda muka cinye a kai. Mun ɓata filawud ba kaɗan ba, domin idan kwana ɗaya ta kauce, ko iska ta sami ɗan wurin tsira, aikin ya tashi a banza. Gam ya zama kamar fatar hannuna. Mahaifiyata ta leƙo wata rana ta ga abin ya kai mini ƙirji, ta ce, "Wai rumbu kake ginawa ko akwatin gawar ƙato?"

Ranar da muka gwada guda biyun a tsakar gida, kwanon rufin maƙwabta ya ɗauki rawa. Mahaifina, tsohon soja ne da ba ya yabon kowa, ya fito daga ɗaki ya tsaya ya dafa ƙirji. Can ya ce, "Rabona da jin irin wannan tun muna harba igwa." Ya koma ciki. Ni kuwa daga ranar kaina ya kumbura. Ko kofin ruwa ba na bari a ɗora musu. Kullum sai na goge su da tsumma kamar sabon ango da babur.

Ana nan sai bikin ƙanwar taubashina ya taso a Mahuta. Ɗan kawuna ne, ya ɗan girme ni, irin mutanen nan da ke shigowa gida da dariya su fita da abin da suka zo nema. Ya same ni a shago.

"Ɗan Gwaggo, dodannin nan naka nake so. Ina son dangin ango su san gidan da suka shigo."

Na ce masa ba zai yiwu ba, domin a ranakun ina da aikin haɗa kayan sauti a Birnin Kebbi, kuma ba na ba da su sai ina wurin. Bai yi musu ba. Ya wuce wurin mahaifiyata. Da yamma ta kira ni, ta fara da Hausa ta ƙare da Dakarci, yarenmu na gida, kuma duk wanda ya san ta ya san idan ta koma Dakarci magana ta ƙare. 'Yar ɗan'uwanta za a aurar, ni kuma ina rowar katako?

Na yarda, amma na zaunar da shi na yi masa karatu. A nemo a-kori-kura, kada a sa su a ƙaramar mota. A shimfiɗa tabarma kafin a kwantar da su. Kada ruwa ya taɓa su. Yana ta gyaɗa kai yana cewa, "An gama, injiniya."

Da na dawo daga Birnin Kebbi na tarar da su a tsakar gida an lulluɓe da tamfol. Tun daga ƙofa na ga kamar sun rame. Na ɗaga tamfol ɗin. Jama'a, an yanke musu baki. Dukansu biyu. An sa zarto an datse gaban kowanne, ya fi kamu guda, yankan ma a karkace, filawud ɗin duk ya tsattsage. Hanyar da muka yi rani muna aunawa ga ta nan a buɗe kamar cikin akuyar da aka feɗe.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Ban kai ga neman sa ba sai ga shi ya shigo, kuma wai shi ne mai fushi.

"Ɗan Gwaggo, ka ba ni kunya! Duk cika bakin nan ashe abin naka ba ya da ƙarfi? Sai wani buf-buf yake yi kamar ana kaɗa katifa. Dangin ango har dariya suka yi mini."

Na nuna masa akwatunan. "Wa ya yanke su?"

"Au, wannan? Ai taimakon ka na yi. Mai a-kori-kura ya tsuga kuɗi, na samo ƙaramar bas, suka ƙi shiga. Sai na kira wani kafinta a tasha ya rage su. Na duba da kyau kafin a yanka, babu komai a wurin, iska ce kawai. Lasifikar ko taɓa ta ba a yi ba."

Iska ce kawai! Iskar nan ita na yi rani ina ginawa.

Na danne zuciyata na tambaye shi ina guntayen, ko za a iya mayarwa. Ya sosa ƙeya. Ya ce sun tafi da su Mahuta, to itace ya ƙare wa masu girki, ana tsakiyar dafa shinkafar biki.

A nan ne na yi abin da ban taɓa yi a gidanmu ba, na ɗaga murya har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Kafin la'asar an kira kawuna, an shimfiɗa tabarma, an zauna shari'a. Na ɗauka za a tambaye shi dalilin da ya sa bai buga mini waya ba, tunda wayar tana aljihunsa. Ko kusa. Ni aka sa a gaba.

Kawu ya ce, "Yaro, mi ne na abin hushi ga katako? Ba injin ya ƙone ba, ba lasifika ta fashe ba. Kuma taubashinka ne. Ka taɓa jin inda aka yi hushi da abokin wasa?"

Na yi ƙoƙarin bayyana musu cewa katakon nan shi ne kayan, lasifika ko a kasuwa sai a saya. Na kawo misalin kakaki, na ce a yanke masa baki a ga ko zai yi amo. Wata gwaggo ta ce ai ni ba sarki ba ne balle in damu da kakaki. Aka kwashe da dariya, har da shi. Mahaifina ne kaɗai bai yi ba. Ya ce, "An ɓata wa yaron nan aiki." Amma shi da Kawu surukai ne, bai ƙara ba, ya tashi ya bar wurin.

Mahaifiyata ta dube ni da idon nan nata. "Ka ce ba komai, a tashi."

Na ce, "Ba komai."

Wallahi ya fi zarton ciwo.

Ni da abokina mun gwada yi musu ƙari, amma abin bai koma daidai ba. Mahaɗar na zirarar da iska, da an ƙara murya sai ta kama zuza. Daga baya muka ciro lasifikun muka sake sabon gini tun daga farko. Sababbin sun fi na da, kuma da su nake ci har yau.

Filawud ya daɗe da fita raina. Abin da ya ƙi fita shi ne yadda mutum zai lalata maka abu don bai gane shi ba, sannan a taru a ce rashin ganewar tasa ita ce hujja, kai kuma a tilasta maka faɗin "ba komai" alhali akwai komai. Har yau bai ce mini yi haƙuri ba, ko da wasa, shi da yake abokin wasa.

Bara aka ɗauke ni aiki a wani biki a Manga, ashe shi ne mai gabatarwa. Fili ya cika, bes na ratsa ƙasa, tsofaffi ma sun miƙe. Ya karɓi makirfo ya yi gyaran murya.

"Jama'a, kun ji kayan nan? Na ƙanena ne. Amma ku tambaye shi, ni na fara gyara masa su. Da can wasu irin ƙatti yake yi marasa kan gado, sai da na..."

Ina zaune gaban mikisa, na'urar da ke sarrafa sautin. Na sa yatsa ɗaya na ja layin makirfonsa ƙasa, na ɗaga kiɗa. Ya ci gaba da zuba, hannu na tashi, jijiyar wuya ta fito, babu mai jin ko harafi. Ya bubbuga makirfo, ya hura shi, ya juyo yana yi mini alama da hannu.

Na ɗaga masa hannu ni ma, na yi murmushi. Sai da aka yanka kek sannan wai na gano inda matsalar take.