Ranar da ɗalibai suka tara mini burodi a bakin ƙofa

Akwai wata safiya a birnin Lyon da ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Allah. Na ga abubuwan da suka fi ta tsanani a rayuwa, amma ita ce kullum take dawo mini. Wani lokaci har in yi dariya ni kaɗai.

Ni ban yi boko ba. Daga wani ƙauye nake a arewacin Tawa, a ƙasar Nijar. Babbar yunwa ta cinye mana dabbobi, ta tafi da mutanen da ba na son lissafawa. Na fito da ƙafata, na yi dako a Abijan, daga baya na tsinci kaina a Paris. Can na yi shekaru ina shara a unguwar Barbès, ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa na cikin gari da suke kira metro, bayan kasuwa ta watse. Sanyin wurin ya fara shiga ƙirjina. Sai wani Alhaji mutumin Maraɗi, mai shago a unguwar La Guillotière ta birnin Lyon, ya yi mini hanya na samu aiki a wata makarantar sakandare a Lyon, irin wadda suke ce wa lise. A tsakiyar shekarun tamanin ke nan.

Aikina ba shi da wuyar ganewa. In share fili, in fitar da garwunan shara kafin motar kwasa ta zo, in wanke su in mayar. Dokar gari ma ba ta da yawa. Shara cikin garwa mai murfi. Kwalba a mazubinta dabam, can bakin titi. Ba a barin ragowar abinci a fili. An manna wannan a bango kusa da ƙofar shiga. Ni ban iya karanta shi ba, sau ɗaya aka faɗa mini na riƙe. Ɗaliban kuwa duk sun iya karatu, kuma a jikin takardar suke jingina suna shan taba.

Ba zan ce miyagun yara ba ne. Suna gaishe ni. Wani ya miƙo mini sigari, in ce ba na sha, gobe ya sake miƙowa. Amma hannunsu bai san hanyar garwa ba. Akwai wani gajeren bango a bayan makaranta mai shingen itatuwa, nan suke zama da rana. Wanda ya shanye nonon da ake sayarwa cikin roba ya cilla robar cikin shinge. Gwangwani, takardar alewa, ɓawon lemo, duk can. Garwa tana nan kusa, jifa ɗaya, amma tashi ne ba za su yi ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne burodi. Suna fitowa da shi daga ɗakin cin abinci, su ci ɓawon, su dunƙula cikin su jefi juna. Kan a koma aji fili ya yi fari.

Duk sauran shara ina kwashewa ba tare da na ji komai ba. Burodi ne ba na iya haɗawa da ƙazanta. Na samu wani buhu, in tsince shi, in kaɗe ƙasar, in zuba. Da yamma in tafi da buhuna. Akwai wani tsoho ɗan Aljeriya mai lambu a gefen gari, yana kiwon kaji da zomaye, shi nake kai wa. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, domin ba wanda ya tambaye ni.

Sai ɓeraye suka bayyana a bayan shinge. Maƙwabta suka kai ƙara ofishin magajin gari, aka turo mai duba tsafta, ya zagaya ya yi faɗa, ya ce zai dawo. Shugaban ma'aikatan makarantar ya kira ni. Mutum ne mai tsoron na sama da shi, irin wanda in an taka shi sai ya nemi wanda zai taka. Faransancina na kasuwa ne, amma na gane shi sarai. In mai duba ya dawo ya tarar da ragowar abinci a fili, aikina ya ƙare. A lokacin takarduna na zama sun kusa sabuntawa, kuma ba a sabunta wa marar aiki cikin sauƙi. Iyalina a gida da wannan tsintsiyar suke ci.

A makarantar akwai 'yar Alhajin nan da ya samo mini aiki. A Faransa ta girma, Hausarta duk ta cakuɗe da faransanci, amma tana da ladabi. Wata rana ta same ni ina tsintar burodi.

Ta ce, "Baba, ina wuni? Ya aiki?"

Na ce, "Lafiya lau, 'yata. Ya Alhaji?"

"Yana gaishe ka. Baba, 'yan ajinmu ne suke tambayata, wai me ya sa kake tara burodin nan?"

Ban ɗago ba. Na ce, "Ni na tona gidan tururuwa na ci hatsin da suka tara. Ba zan zuba burodi a shara ba."

Ta ce, "Gidan tururuwa fa?"

Na ce, "Koma aji."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. A ganina magana ta ƙare. Ban san ta je ta faɗa wa 'yan ajinsu ba, su kuma suka faɗa wa wasu ajujuwa. Kan labarin ya zagaye makaranta, an manta yunwar ta shekarun baya ce. Abin da ya zauna a kansu shi ne, mai shara yunwa yake ji, burodin da suke yarwa shi yake ci da dare.

Da aka sanar da ranar dawowar mai duba, na zo tun da asuba. Na share fili, na shiga cikin shingen nan a durƙushe na kwashe komai, ƙaya na yagar hannuna. Na wanke garwuna, na rufe kowace. Da na gama na zagaya bakin titi in dawo da waɗanda mota ta juye. Na ɗan jima can, domin mota ta makara. A lokacin ɗalibai suka shigo.

Da na dawo, na tarar da ƙofar ɗakin kayan aikina ba ta ganuwa. Burodi ne tuli guda. Dogaye, gajeru, na jiya, na yau mai ɗumi, wani a takarda, wani a leda, wani haka nan a ƙasa. Akwai cuku a ciki, da tuffa, har da rabin kaza a nannaɗe. Tantabaru sun riga sun sauka. Can gefe ɗalibai sun yi cirko-cirko suna kallona suna murmushi, suna jiran su ga na yi murna. A gabansu wani dogon yaro mai gashi har kafaɗa, wanda ya fi kowa jifa da burodi, ya rungume wani babban buhu bai ma ajiye ba tukuna.

Ina tsaye a wurin sai ga shugaban ma'aikata ya shigo da mai duba tsafta.

Mai duba dattijo ne, gajere, da hular sanyi. Ya tsaya ya dubi tulin, ya dubi tantabaru, ya dubi shugabana. Fuskar shugabana ta yi ja. Ya juyo gare ni yana magana da sauri, yana nuna burodi, yana nuna ƙofar fita. Ya ce ga mai kiwon ɓerayen nan an kama, dama an ce ina tara abinci a buhu. Ya ce in ajiye makullin ɗakin kayan aiki in tafi.

Na sa hannu a aljihu na taɓa makullin. A raina na ce shi ke nan. Na rabu da abubuwan da suka fi wannan.

Sai 'yar Alhaji ta fito daga cikin ɗalibai. Ta yi wa mai duba bayani da faransanci, sauran suka sa baki, kowa na cewa su ne suka kawo. Sannan ta juyo gare ni.

Ta ce, "Baba, yi haƙuri. Mu ne. Sun ce kada ka riƙa cin na ƙasa, gara a kawo maka mai kyau."

Nan ne na gane. Wallahi korar ba ta yi mini zafin wannan ba. Na yi yunwar da mutum yake manta sunansa, ban taɓa miƙa hannu ba. Ga shi yau a ƙasar mutane, ina da aiki, ina da lafiya, yara sun tara mini sadaka a bakin ƙofa.

Na ce, "Faɗa musu na karya kumallo. Faɗa musu kaji ne suke ci."

Ta ce, "Kaji?"

"Kajin wani tsoho. Da zomaye. Faɗa musu."

Ta faɗa. Dogon yaron ya dubi buhun da ke hannunsa, kunnuwansa suka yi ja. Wata yarinya a baya ta ce wani abu, sai dariya ta ɓarke, irin dariyar kunya. Na tambayi 'yar Alhaji me ta ce. Ta ce, "Wai kazar nan ta mamanta ce ta abincin dare, ta sato ta, ashe 'yan uwan kazar za a kai wa." Ni ma sai da gefen bakina ya motsa.

Mai duba bai yi dariya ba. Ya ce shi bai zo don wannan ba, a kai shi wurin da ɓeraye suke. Muka zagaya baya, ɗalibai na biye da mu. Ni dai na san na bar wurin fes. Da muka isa, robobin nono na nan cikin shinge, da gwangwani, da takardun alewa. Sababbi. Mai duba ya tsuguna ya ɗauki roba ɗaya, ya karkata ta, ragowar nonon ya zubo. Ga sawun tsintsiyata a ƙasa bai goge ba, sharar tana kansa.

Yaran da suka ɗauko mini burodi tun daga gidajensu, wasu a cikin bas, su ne suka zauna kan bango suna jirana, suka ci abin karyawarsu, suka cilla robobin inda suka saba.

Mai duba ya ɗaga robar ya tambaya ta waye. Ya sake tambaya. Dogon yaron ya ɗaga hannu a hankali, sai wasu suka bi. Dattijon ya juya ga shugabana ya yi masa magana a taƙaice. 'Yar Alhaji ta raɗa mini, "Ya ce ko masu shara goma aka ɗauka ba za su cim ma wannan ba. Ya ce kai ka yi naka."

Sannan ya dubi yaran. Bai yi musu wa'azi ba. Ya ce kawai, "Kun san wa yake shiga cikin ƙayar nan ya kwaso?" Ya kama hannuna ya juya bayansa suka gani. Ban so haka ba, na janye. Amma sun gani.

Su suka kwashe na ranar. 'Yan mata da takalman gayu suna kutsawa cikin shinge suna tsaki. Mai duba ya sa a kawo ƙarin garwuna a jikin bangon. Game da burodi ya ce doka ba ta damu da wanda zai ci ba, kaza ko mutum, a dai sa shi cikin abu mai murfi. Ɗalibai suka wanke garwa ɗaya, dogon yaron ya zana zakara a jikinta. Shugabana bai ba ni haƙuri ba, bai kuma sake maganar makulli ba. Ya wuce ofis. Takarduna suka fita a kan lokaci. Tsohon mai lambu kuwa da ya ga abin da na kawo masa a ranar, ya tambaye ni ko gidan burodi na fasa.

Kada in yi muku ƙarya in ce yaran sun gyaru. Makonni kaɗan shinge ya zauna da tsafta, daga nan robobi suka fara dawowa, sai dai ba kamar da ba. Kwalba har na bar wurin ba su koyi kai ta mazubinta ba. Guntun taba kuwa ba a magana. Wasu in sun cilla abu suka hango ni, sai su tashi su ɗauka suna sosa kai. In ba na nan, Allah ne masani. Burodi kaɗai ne suka riƙe da gaske. Ko sababbin da suka zo daga baya, waɗanda ba su san labarin ba, manya suna tsawata musu in sun yi jifa da shi.

Na daɗe ina jin haushin sadakar nan. Sai da na tsufa na daina. Yaran ba raina ni suka yi ba, tausayi ne ya zo musu ta inda suka iya. Sun ji labarin yunwa sun tashi tsaye, amma duƙawar da nake yi kullum a gabansu ba su taɓa haɗa ta da hannunsu ba, sai ranar da aka nuna musu. Abin da na koya ke nan. Yaro ba ya bin doka don an rubuta ta, sai ya san mutumin da yake wahala in an karya ta. Ko ya sani ma rabi zai bi, sai ka yi haƙuri da rabin. Ni kuma na koyi cewa in yaro ya yi maka tambaya, ka ba shi amsa har ƙarshe. In ka tsaya a rabi, shi zai ƙarasa da kansa, kuma da kyakkyawar zuciya zai iya raba ka da abincinka.